Sacewa Ta Yi, Ko Sace Ta Aka Yi?

Mai karatu, na san abin da za ka ce da zarar ka ga na doshi maganar ƙwallo: me ya haɗa kifi da kaska? Fili na sharhin fim ne, ga shi ƙwallon ma ba irin tamu ta ƙafa ba ce, ta Amurkawa ce, wadda ake rungumewa a ƙirji kamar jariri a ruga da ita, ƙarti su bi mutum su danne. Ka yi mani haƙuri na wannan watan. Ba ni da ƙungiya a wasan nan, kuma ban taɓa kallon sa daga farko har ƙarshe ban yi gyangyaɗi ba. Labarin ne ya kama ni, in ka biyo ni za ka ga inda ya kama ni ɗin.

Abin ya faro ne daga yaron da ke tura mani finafinai a waya. Na ce ya zuba mani abin da zai raka ni dare, sai ya haɗo da wani dokumentari mai kashi 10, The Dynasty, wanda Apple TV+ ta fitar a 2024 a kan ƙungiyar New England Patriots. A matsayin fim ba laifi, an iya yanka, an iya sa kiɗa, sai dai ka na kallo ka na jin kamar hannun mai ƙungiyar, Robert Kraft, na dafe da kafaɗar darakta, domin duk inda laifi ya faɗo sai ka ga ya gangara kan koci Bill Belichick. Wannan sharhin wata rana ne. Abin da ya hana ni barci shi ne kashin da ya taɓo rigimar da su ke kira Deflategate, wato badaƙalar sace iskar ƙwallo. Wutsiyar nan ta “gate” daga Watergate aka yanko ta, badaƙalar da ta ci kujerar Shugaba Nixon a 1974, wadda mu masu kallo mu ka fi sani ta fim ɗin All the President's Men na 1976, inda Robert Redford da Dustin Hoffman su ka fito a 'yan jarida biyu masu bin diddigi. A wancan fim ɗin, edita ba ya barin labari ya fita sai wata majiyar daban ta tabbatar da shi. Riƙe wannan a gefe.

Ga yadda dokar ta ke. Hukumar wasan, NFL, ta ce kowace ƙwallo sai iskar ta ta tsaya tsakanin fam 12.5 zuwa 13.5 a ma'auni, irin gejin nan da masu faci ke dangwala wa taya. Tun 2006, bayan da manyan 'yan wasa irin su Tom Brady da Peyton Manning su ka nema, kowace ƙungiya ke zuwa da nata ƙwallayen guda 12 na kai hari, ta goge su, ta murje su yadda kwatabak ɗin ta ke so. Kwatabak shi ne mai jefa ƙwallo, shi ne jarumin fim ɗin, in ka ga dama. Alƙalin wasa zai auna su sama da awa biyu kafin a fara, daga nan ba mai ikon taɓa iskar su. An ce ƙwallo mai laushi ta fi daɗin riƙo in ana ruwa ko sanyi, shi kuwa Brady kowa ya san a can ƙasan doka ya ke son tasa, 12.5.

Ranar 18 ga Janairu, 2015, Patriots ta karɓi Indianapolis Colts a filin Gillette da ke Foxborough, jihar Massachusetts. Wanda ya ci shi zai je wasan ƙarshe, Super Bowl. Ana ruwa, ga sanyi. Kafin hutun rabin lokaci wani ɗan bayan Colts, D'Qwell Jackson, ya cafke ƙwallon da Brady ya jefa, ya miƙa wa mutanen su a gefen fili. Su ka auna, su ka ce iska ba ta kai ba. Dama tun kafin wasan Colts ɗin sun tsegunta wa hukumar cewa su na zargin wani abu. Da aka tafi hutu sai aka kwashi ƙwallaye zuwa ɗakin alƙalai, aka auna 11 na Patriots, aka auna 4 kacal na Colts lokaci ya ƙure. Aka ƙara wa na Patriots iska, aka koma fili. Ka ji abin dariya: da ƙwallayen da ake zargi Patriots na da 17, Colts na da 7. Da waɗanda aka gyara kuwa sai su ka ƙara 28, Colts ba ta ƙara ko ɗaya ba. Aka tashi 45 da 7.

A daren wani ɗan jarida na Indianapolis, Bob Kravitz, ya fara fasa ƙwan cewa ana bincike. Wannan gaskiya ne, ana binciken. Amma wutar ba ta kama ba sai bayan kwana biyu, lokacin da Chris Mortensen na tashar wasanni ta ESPN ya rubuta a Twitter cewa, a ta bakin majiyoyi daga cikin hukumar, an samu ƙwallaye 11 na Patriots kowace ta gaza da fam 2. Sha ɗaya cikin sha biyu. Fam biyu-biyu.

Ni da na ke cin abinci da kallon labari, na san aikin da irin wannan lissafi ke yi. Ka ce wa mutane “ana zargin an rage iska”, za su ce to, Allah ya kyauta, su wuce. Amma ka ba su lamba, lamba mai tsafta, wadda ta yi daidai wa daida a kowace ƙwallo, to ka gama rubuta masu fim ɗin: akwai mugu, akwai allura, akwai ɗakin da aka shiga aka kulle. Iskar Allah ba ta rage fam biyu-biyu cif a ƙwallaye sha ɗaya, sai hannun mutum. Kafin wannan lamba, magana ce ta tarar da littafin dokar su ya fara daga dala 25,000. Watanni biyu kafin nan ma, a Nuwamba 2014, kyamara ta kama ma'aikata su na gasa ƙwallaye a jikin na'urar ɗumama wuri a wasan Minnesota da Carolina, gargaɗi kawai aka yi aka wuce. Bayan wannan lamba kuwa, har manyan labaran dare na tashoshin ƙasa, waɗanda ba ruwan su da wasanni, su ka ɗauka. Tsofaffin 'yan wasa su ka cika talbijin su na girgiza kai, wasu su na cewa a hana Patriots buga wasan ƙarshen ma.

Ranar 24 ga watan Belichick, mutumin da ba ya son 'yan jarida ko a mafarki, ya kira taro ya tsaya ya na bayanin zafi da sanyi da goge ƙwallo. A tsakiyar bayanin ya ce shi fa ba masanin kimiyya ba ne, ba kuma Mona Lisa Vito ba ne ta duniyar ƙwallo. Nan kam na tashi zaune. Wanda ya kalli My Cousin Vinny na 1992 ya san ta: budurwar lauya Joe Pesci, wadda ta hau akwatin shaida ta dubi hoton sawun taya ta wanke yara biyu daga zargin kisa. Rawar ce ta ba Marisa Tomei kyautar Oscar. Aka yi ta yi wa kocin dariya kwana da kwanaki. Ashe cikin duk masu surutun makon nan, shi da ya ce bai sani ba shi ya fi kusa da tambayar da ya kamata a yi.

Ni ma ba Mona Lisa ba ne, takardar difiloma ta ta aikin jarida ce, don haka washegari na tura babur ɗi na wajen dattijon da ke faci a bakin layin mu. Ya na ba taya ta iska na ce, “Baba, wai taya na iya sacewa da kan ta, ba ƙusa ba komai?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. Ya ce, “Kai yaro, ba ka taɓa fitowa da asuba cikin hunturu ba? Auna ta da sanyin safiya, ka dawo da azahar ka sake aunawa, ka gani in magana ɗaya za ta gaya maka. Ni ba na yarda da awon taya mai zafi.”

Na ce, “To geji fa, duk ɗaya ne?”

Ya yi dariya ya zaro biyu daga aljihun rigar sa. “Waɗannan tare su ke kwana, amma ba su taɓa shiri ba.”

Mai karatu, wallahi a tsaye a wurin nan dattijon ya gama mani shari'ar da Amurkawa su ka kashe wa miliyoyin daloli. Iska in ta ji sanyi takurewa ta ke yi, matsin ta ya ragu. An auna ƙwallayen nan a ɗaki mai ɗumin da ya kai digiri 20 ko ɗan sama, aka fitar da su fili mai kamar digiri 9, ga ruwa. Lissafin da ɗan sakandare ke yi a darasin fiziks ya nuna dole su sauka da fam ɗaya da ɗoriya, ko da mala'iku ne ke gadin su. Ga dukkan alamu manyan hukumar da su ka yi awon daren nan wannan bai zo masu a rai ba.

Ranar 6 ga Mayu, 2015, lauyan da hukumar ta ɗauka ya yi bincike, Ted Wells, ya fitar da rahoto mai shafi 243. A ciki aka fara ganin ainihin lambobin. Geji biyu aka yi amfani da su, kuma kamar na Baba mai faci, ba sa shiri: tsakanin su akwai kusan fam 0.4. Cikin awo 22 da aka yi wa ƙwallaye 11, ɗaya tak ne ya nuna 10.5, wato gazawar fam 2. Ɗaya, a geji ɗaya. Masanan da shi Wells ɗin ya ɗauko sun ce sanyi kaɗai zai iya kai ƙwallayen tsakanin 11.32 da 11.52. Matsakaicin awon geji guda ya ba da 11.49, ka ga ya faɗa cikin gida ke nan. Na ɗayan ya ba da 11.11, ya ɗan gaza. To wane geji alƙalin wasa Walt Anderson ya yi amfani da shi kafin a fara? Bai rubuta awon ba, domin a lokacin ba a rubutawa. Da aka tambaye shi ya ce a iya tunawar sa shi ne mai nuna sama ɗin. Rahoton ya yarda da tunawar sa a sauran wurare, amma a nan ya ce a'a, ɗayan ne. Su kuma ƙwallayen Colts huɗu, uku daga ciki sun nuna ƙasa da 12.5 a geji guda. Ba wanda ya yi kanun labari da wannan.

Kada ka ce na zama lauyan Brady. Akwai abubuwan da ni ma su ka tsaya mani a wuya. Kyamara ta nuna ma'aikacin ɗakin alƙalai ya ɗauki jakar ƙwallaye ba da izini ba, ya shiga banɗaki da ita ya kulle na minti 1 da daƙiƙa 40. An samu saƙonnin waya tsakanin sa da mai kula da kayan Brady, har a ɗaya ya kira kan sa “mai sacewa”. Da aka matsa, lauyoyin ƙungiyar su ka ce wai rage ƙiba ya ke nufi. Haba jama'a! Ko a fim ɗin barkwanci marubuci ya kawo mani wannan sai na ce ya koma ya sake. Sannan shi Brady ya sa an lalata wayar sa, mai ɗauke da saƙonni kusan 10,000, daidai lokacin da zai gana da masu bincike. Ya ce al'adar sa ce in ya sauya waya. Wataƙila. A 2024 ma, a wani shirin tsokana na Netflix da aka shirya don a yi masa ba'a, ya yi raha cewa da kuɗin binciken aka ba shi da ya ce shi ya yi. Wasa ne, amma wani wasan ka kan rasa inda za ka ajiye shi. Ni dai in ka tambaye ni, zan iya yarda cewa a wasu ranakun akwai mai ɗan tsikarar ƙwallo da allura. Abin da ban yarda an tabbatar ba shi ne an yi a wannan daren. Shi kan sa rahoton iyakar abin da ya iya cewa shi ne, ya fi kusa da a ce an yi fiye da a ce ba a yi ba, kuma Brady na da masaniya a dunƙule.

A kan wannan “ya fi kusa” aka dakatar da shi wasa 4, aka ci ƙungiyar tarar dala miliyan 1, aka ƙwace mata damar zaɓen sababbin 'yan wasa biyu. Ya ɗaukaka ƙara, shugaban hukumar Roger Goodell ya zauna da kan sa ya saurari ƙarar hukuncin ofishin sa, ya ce daidai ne. Wani alƙali a New York, Richard Berman, ya soke a Satumba 2015; kotun sama ta maido a Afrilu 2016, alƙalai biyu da ɗaya, su ma ba a kan iska su ka yi hukunci ba, a kan ikon Goodell ne. Brady ya zauna wasa huɗun, ya dawo ya ci Super Bowl a Fabrairu 2017 bayan Atlanta ta yi gaba da 28 da 3. Goodell ya hau dandamali ya miƙa kofi, ihun 'yan kallo ya hana a ji abin da ya ke faɗa. In marubucin fim ne ya kawo wannan ƙarshen, cewa zan yi ya cika son jarumin sa.

Amma mu koma kan lambar nan, domin ita ce ta dame ni. Hukumar ta san ainihin awon tun daren wasan, a rubuce ya ke a hannun ta. Ta ga labarin fam biyu-biyu ya na yawo sama da wata uku, ba ta ce uffan ba, alhali lauyoyin Patriots sun yi ta rubuta mata su na roƙon ta gyara, kamar yadda wasiƙun da su ka fitar daga baya su ka nuna. Shi kuma Mortensen, ko bayan rahoton ya fito, saƙon na nan a shafin sa har watan Agusta, sannan ya goge shi. Ba ƙaramin ɗan jarida ba ne fa, mutum ne da ya shekara talatin da wani abu ana girmama shi a ESPN kafin ya rasu a Maris 2024. Ba shi ya ƙirƙiri lambar ba, ba shi aka yi. Wani marubucin wasanni, Mike Florio, ya rubuta a littafin sa na 2022 cewa ɗaya daga cikin manyan hukumar ne ya ba shi. Ka ga ke nan mai shigar da ƙara ne ya raɗa wa ɗan jarida hujja, ɗan jarida ya kai wa duniya, duniya ta matsa wa mai shigar da ƙara ya yi hukunci.

Me ya sa gyaran ya yi nauyi haka? Ba ni da shaidar an hana kowa magana. Abin da ke a fili shi ne, a lokacin ESPN na biyan NFL kusan dala biliyan 1.9 a shekara don nuna wasan daren Litinin. A Satumba 2014 tashar ta dakatar da ɗaya daga cikin fitattun marubutan ta, Bill Simmons, na mako uku bayan ya kira Goodell maƙaryaci a kan wata rigimar daban. Kuma akwai wani tsohon labari, wai Patriots ta ɗauki hoton atisayen ƙungiyar Rams a ɓoye kafin Super Bowl na 2002. Jaridar Boston Herald ce ta buga a 2008, ta janye, ta ba da haƙuri a shekarar. Duk da haka a 2015 aka riƙa maimaita shi a ESPN kamar gaskiya, da su ka tashi ba da haƙuri sai su ka yi shi bayan sha biyun dare. Laifin da Patriots ta yi na gaske a 2007, na ɗaukar hoton alamun kocin abokan hamayya daga inda aka hana, shi ya sa duk ƙaryar da aka jingina mata ke zama daram: wanda aka taɓa kamawa da akuya, ko kukan tunkiya aka ji gidan sa ake dubawa. A Agusta 2025 kuma aka sanar da yarjejeniyar da ta ba NFL kashi 10 cikin 100 na ESPN ɗin kan ta. Shi Brady, tun 2024 ya koma mai sharhin wasa a tashar Fox, a shekarar kuma ya sayi ɗan kaso a ƙungiyar Las Vegas Raiders. Kowa ya shiga rigar kowa.

To, ga inda labarin ya kama ni.

A 2022 wani mai tace hoto ya kira ni gefe ya ce zai ba ni labari. Wani matashin darakta ya fitar da fim ɗin sa na farko, ana ta yabo. Mutumin ya ce wankiya ce, sin 14 aka kwafe daga wani fim ɗin Indiya, shi ya ƙirga da kan sa. Ya gaya mani sunan fim ɗin. Ban kalla ba. Ban kira daraktan ba. Ban ma tambayi kai na me ya sa mai tace hoto ke ba ni kyautar labari ba, alhali kowa a masana'antar ya san sun saɓa a kan kuɗin aiki. Sha huɗun ce ta ruɗe ni, na ce wanda ya zauna ya ƙirga ai ba zai yi ƙarya ba. Na rubuta a shafin da na ke rubutu a lokacin, na kuma sa a waya. Kafin magariba ya zaga gari.

Bayan kamar wata biyu na samu fim ɗin Indiyan na kalla. Sin biyu ne su ka yi kama. Ɗayan ma karon nan ne da saurayi ke yi da budurwa littattafan ta su zube, wanda in wankiya ne to duk duniya ta yi wanki. Ka san abin da na yi? Na jira dare ya raba na goge abin da na sa a waya. Ban rubuta gyara ba. Na ce wa kai na ai maganar ta mutu, tayar da ita ƙarin ɓata masa suna ne. Daga baya na ji alhajin da ya yi alƙawarin zuba kuɗi a fim ɗin sa na biyu ya janye. Ko don rubutu na ne, ko don wani dalili, ban bincika ba, tsoron amsar na ke yi.

Bara mu ka haɗu a wajen wani ɗaurin aure. Na so in zille, ya riga ya gan ni. Ya zo ya ba ni hannu da fara'ar sa, mu ka gaisa, ya tambayi mutanen gida. Har ya juya zai tafi sai ya dawo ya ce, “Malam, don Allah sin nawa ne ma? Har yau in na je neman kuɗi sai an tambaye ni, ni kuma ban san amsar ba.”

Na ce masa za mu yi magana. Ba mu yi ba.

Ba zan kama sunan sa a nan ba, domin ban nemi izinin sa ba, amma waɗanda su ka karanta wancan rubutun sun san fim ɗin da na ke nufi, shi ma na san ya na sayen mujallar nan. Darakta, biyu ne. Ba sha huɗu ba. Kuma ranar da na rubuta sha huɗun, ban kalli fim ɗin Indiyan ba.